Taken Babana

Har yau in na ji gangar noma raina ɓaci yake yi, kuma na san wanda ya jawo mini.

Wani makaɗi ne a ƙasarmu ta Wudil, dogo mai wushirya. Da damina yana bin gayya daga Lajawa zuwa Utai a kan jaki, da kaka kuma ya zagayo karɓar dami a gidajen manoman da ya yi wa take. Shi yake tsara waƙoƙinsa, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, Allah ya ba shi baki. Ya yi wa babana take, ya kira shi mai gama gona kafin raɓa ta bushe. Da ya kaɗa, sai ka ga Baba ya zabura da garma kamar ba shi ya tashi da ciwon baya ba.

A al'adarmu take na mutum ɗaya ne. In ya rasu, a ajiye shi sai ɗansa ya isa shiga gayya. Baba ya rasu ina saurayi. Ban gaji shanu ba, ban gaji kanti ba, wannan taken nake jira.

Sai kuɗin fetur ya ɓalle. Wani da muka sani yana tallan goro a bakin gada ya zama ɗan kwangila, ya dawo daga Kano da farar mota da tumbi. Wata Juma'a, ranar kasuwa, ina wajen masu shanu na ji taken Baba yana tashi daga rikoda. Na bi sautin da gudu, har da murmushina. Kiɗan nan ne, amshin nan ne, amma an cire sunan Baba an sa na ɗan kwangila. Mutumin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi, wai shi ne mai gama gona kafin raɓa ta bushe!

Da kaka makaɗin ya zo ƙofar gidanmu a kan sabon babur, ko kunya babu.

Na ce, "Taken wa ka sayar?"

Ya ce, "Haba ɗana, yanzu wa ke gayya? Kowa ya tafi birni leburanci. Ganga zan dafa wa iyalina?"

"To ka tsara masa nasa mana!"

Ya sunkuyar da kai. "Na babanka ya ce yana so."

Innata ta leƙo daga zaure ta ce in ɗauko masa daminsa, domin mai gidan bai taɓa hana shi ba. Na ɗauko na jefar a gaban babur ɗin.

Kaset ɗin ya zaga ko'ina. Ni kuwa na ƙare nomana ba a taɓa kaɗa mini take ba. Rannan na ji jikata tana shara tana rera shi, da sunan ɗan kwangila a bakinta. Na ce mata waƙar kakan babanta ce.

Ta yi dariya ta ce, "Kai Kaka! Ai ga sunan mai ita nan a ciki."