Har Jaki Ya Samu Gaisuwa a Rediyo

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Saje Garba, a fagen yaƙin Laberiya. Kowa a gidanmu yana da abin da yake tuna shi da shi. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, da an ambace shi kishi ne ke fara taso mini, kuma da ƙanena Nasiru nake yin sa, uwa ɗaya uba ɗaya.

A wancan zamanin akwai wani fili da gidan rediyo ke yi wa sojojin da ke bakin daga, duk ranar Juma'a bayan la'asar. A sa musu kalangu da waƙoƙin noma da na dambe don su ɗebe kewa, mai gabatarwa ya yi ta zolayarsu yana cewa sun manta ɗanɗanon fura. Daga nan sai a sako kaset ɗin da aka naɗo daga can, kowane soja ya gaida gida da bakinsa. Wannan ɓangaren ne ke hana mutane tashi.

Ni ne ɗan fari, don haka tun da aka yaye ni aka kai ni Shagari wurin kakata Hajjo, sauran gidan suna Bodinga. Wani tela maƙwabcinmu ke da rediyo, yakan rataye shi a jikin dogon yaro mu kewaye shi. Ranar da muryar Baba ta fara fitowa, tsalle na yi har na taka wa telan almakashi.

"Ni na Saje Garba ɗan Bodinga," in ji shi. "Ina gaishe da tsohuwata can Shagari, da mai ɗakina, da Nasiru ɗan gidana, a ce mishi shi riƙe karatu. Ina gaishe da Ɗanjuma mai albasa na Danchadi. A dubo min jakina, kar a bar shi da ƙishirwa."

Na tsaya ina jira, sai na ji an sako kalangu. Yaran unguwa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Lawali, har jaki an gaishe, kai ba a gaishe ka ba!" Daga ranar na koma ƙanen jaki, kuma har yau akwai dattawa a Shagari da ke kira na haka in sun so tsokana.

Na shiga gida ina kuka. Hajjo ta dube ni ta ce, "Kai wawa, wa ka taɓa ji ya kira sunan ɗan fari nai cikin mutane? Duniya duk tana saurare, shi buɗe baki shi ce Lawali? Kunya ta, ba ƙiyayya ba."

Ai na sani. Ko a gida "kai" yake ce mini, ko "yaron ga". Amma sanin dalili bai taɓa rage mini zafin ba. Kowace Juma'a sai na koma gindin bishiyar ina cewa ƙila yau bakinsa ya kuɓuce. Jerin mutanen kan sauya, wani lokaci har da direban da ya taɓa rage masa hanya, amma Nasiru ba ya fita. In na je Bodinga da Sallah sai na tarar 'yan kasuwa na ce masa Nasiru na rediyo, suna ba shi ƙosai kyauta, shi kuma yana tafiya yana wani ɗaga kafaɗa. Da damina, gero na fitar da kai, labarin rasuwar Baba ya iso. Filin bai tsaya ba, ni ma ban daina zuwa ba sai da telan ya ce in bari haka nan.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga zamanin nan. Yau uba na rubuta sunan ɗan farinsa a bayan keken haya da manyan baƙaƙe, ya sa hotonsa a waya, a kira shi Baban wane ya amsa yana washe baki. Na so in ce da yana nan da ya bi zamani ya kira ni. Amma na san shi. Hula zai ja ya rufe fuska, ya ce mutane sun lalace.

Kaset ɗaya ya tsira, kuma ba sai na faɗi hannun wanda yake ba. Nasiru ya sa an juye shi a waya, duk shekara irin wannan lokaci sai ya tura wa dangi. Yanzu ma'aikacin lafiya ne a Kajiji, furfura ta fara masa, amma in aka zo wurin "ɗan gidana" sai ka ga murmushin nan na mai cin ƙosai kyauta. Bai yi mini laifin komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Har lallashi na yake yi, wai ai Yaya kai ne babba, girmanka ne ya sa.

Ni ma da na haihu hanyar na bi. Ɗan farina Sanusi ya girma yana amsa "kai". Yanzu soja ne, yana can wajen tafkin Chadi. Kwanakin baya wani gidan rediyo ya buɗe layi don iyalan sojoji su gaida 'ya'yansu. Na daɗe riƙe da waya. Da aka ɗauka, sai na ce ina gaida ɗana Sanusi, Sanusi Lawali, na faɗa da ƙarfi yadda ko kurma zai ji.

Inna mahaifiyata ta ji a Bodinga. Da na je gaishe ta na tarar tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba.

"Kai wanga, na jiya ka," ta ce. "Kunyar gidanmu kaz zubar gaban duniya. Mi as sa?"

Na ce, "Inna, irin inda yake nan Baba ya je bai dawo ba. Ba na son ɗayanmu ya tafi bai ji ba."

Ta juya ta fuskanci bango, hannunta bai bar gyaɗar ba.

"Ubanka ya faɗe shi," ta ce. "Ran da anka haihe ka liman ya yi tahiya, kakanka na kwance ba lahiya. Shi yaɗ ɗauke ka yay yi maka huɗuba ga kunne. Shina zaton barci nika yi. Yac ce Lawali, yas sake cewa, kamar mai lasar zuma. To ka ji. Kar ka sake tambaya ta."

A motar komawa Shagari na yi ta kama kaina ina taɓa kunnen dama. Abin da Baba ya bari ba shi da yawa: kaset ɗaya, da jikan da ya gaji kakinsa, da wannan labari da Inna ta riƙe fiye da shekara arba'in. Nasiru yana da muryar da zai mayar baya ya sake ji duk sa'ar da ya so. Ni nawa an zuba mini ne a kunne ranar da ban san dama da hagu ba.

Allah Ya jiƙan Saje Garba, Ya sa ya huta. Kishin dai bai bar ni ba, wuri kawai ya sauya. Na ƙyale Nasiru. Yanzu da jaririn nan nake yi, wanda ya ji sunan daga bakin Baba, ya ci gaba da barcinsa.