Gishiri a Taguwar Tanko

Tanko mai dafa mazarƙwaila a Dandamisa ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a ya riga ya sa takalmi. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, shi ke tsaye kan kaskon ruwan rake daga hantsi har la'asar, wuta na dukan ƙirjinsa, gumi kamar an kwara masa ruwa. Amininsa Lawal ke kora dokin da ke juya injin matse rake. Kwano ɗaya suke ci tun suna yara.

Sai ciwo ya sa Tanko gaba. Da rana ta take, jijiyoyin ƙafarsa su ɗaure tamau, ya zube yana ihu. Ya sha ruwa, ya ƙara, har ciki ya yi tulu, a banza. Tsoro ya kama shi, ya shiga yawon masu magani, yau Makarfi, gobe Paki. Wani ya ce masa ai sammu ne, na kusa da shi ke son kaskonsa. Kai, Tanko da gaggawa! Ko kwana bai yi da maganar ba, ya nuna Lawal da yatsa a gaban ma'aikata. Lawal ya miƙa wa mai inji linzami ya tafi.

Ciwo dai yana nan. Matarsa Mairama ce wajen wanki ta ga wani farin abu ya bushe a bayan taguwarsa. Ta lasa.

"Malam, gishiri ne fa ke fita daga jikinka. Ruwa zalla kake ɗurawa, me zai riƙe shi? Dokin nan ma ai ana ba shi kanwa."

Ta zuba ɗan gishiri da ruwan rake a gorarsa, ta ce ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama shi. Kwana uku, ƙafa ta saki.

Warkewar nan ta fi ciwon yi masa zafi, kunya ta hana shi sakat. Ya ari keke ya nufi Kudan, inda aka ce Lawal ya koma. Ya same shi yana ɗaurin rake, ya durƙusa ya faɗi komai.

Lawal ya saurara har ƙarshe. "Na yafe maka, Tanko," in ji shi. "Amma da gishirin bai yi aiki ba, da har yau ni ne mai sammun."

Ya juya ya ci gaba da ɗaurinsa.