Tanki Ɗaya, Ƙauye Takwas

Shekara ɗaya Baba Direba da farar jif ɗin asibiti suka fara aiki. Ita ta zo ko ledar kujerunta ba a ɓare ba, shi kuma ya zo da baƙin gashi da lafiyayyun gwiwoyi. Kafin nan ya yi shekara tara yana jan tifa a wurin fasa dutse, har garin dutsen ya fara zauna masa a ƙirji, maiɗakinsa ta matsa masa ya nemi aikin da zai riƙa dawowa gida ana gane fuskarsa. Aikin da ya samu ba shi da wuyar faɗa. Sau uku a mako zai ɗauki ma'aikaciyar jinya da akwatin sanyi na allurar rigakafi, ya zaga da su ƙauyuka shida, biyu-biyu, ya dawo da su. Ranar Litinin ake cika masa tanki, kuma tankin nan ɗaya shi ne na mako.

Shekaru goman farko mai yana isa har ya yi saura. Daga nan jif ta fara tsufa, tsufan nata kuma ta ciki ya soma. Ba ta cika lalacewa ba, sai dai ci. Hanyar da a da take yi tsinken mita bai ko motsa ba, yanzu kafin su dawo ya sunkuya. Baba Direba ya faɗa a ofis sau uku, duk ukun aka ce masa an ji. Ma'aikatan jinya huɗu ya ɗauka a motar nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce Sista ake ce mata. Ta huɗun sa'ar 'yarsa ta fari ce, kuma ita ce ke gefensa ranar da abin ya faru.

Wata Alhamis ce, wajen ƙarfe biyu na rana, sun baro ƙauye na biyar sun nufi na shida. A tsakiyar wani hawa jif ta yi tari sau biyu ta mutu.

"Baba, lafiya?" in ji Sista.

"Mai ne."

"Ya ƙare?"

Ya ja birkin hannu, ya fita ya nemo dutse ya sa a bayan taya. Awa uku suka yi a wurin. Sista ta cire mayafinta ta lulluɓe akwatin sanyi, ta tura shi ƙarƙashin kujera, amma ƙanƙarar ciki sai narkewa take. Kafin wani mai a-kori-kura ya biyo ya tsiyaya musu abin da zai kai su gida, allurar ta ɗumama, sai zubarwa. Matan ƙauye na shida, da suka wuni a gindin bishiya da jarirai a cinya, suka gaji suka watse.

Washegari mai kula da motoci ya aika a kira shi. Sabo ne a wurin, wata huɗu da zuwa, kowa Oga yake ce masa duk da bai kai shekarun ƙanen Baba na ƙarshe ba. Ofishinsa ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya da fanka mai kuka, makullan motoci rataye a jikin ƙusoshi.

"Zauna mana, Baba. Na duba littafin da ya zo da motar nan. Ya ce tanki ɗaya zai yi hanyarku har da ragi."

"Ranka ya daɗe, littafin nan tun tana yarinya aka rubuta shi."

"Na sani. Ni dai tambayata, ina man yake zuwa?" Oga ya juya biro a hannu. "Ka san akwai direbobin da tiyo ba ya rabuwa da aljihunsu. Ban ce kai ba."

Baba Direba ya dubi ƙusoshin bango na ɗan lokaci, sannan ya ce ya ji, ya tashi. Shekara goma sha tara yana aje makulli a ƙusa ta biyu, ba a taɓa neman ko sifana an rasa ba.

Da ya koma gida da yamma, ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Maiɗakinsa ta aje masa ruwa, ta koma ta ci gaba da ninke wanki, tana kallonsa ta gefen ido.

"Malam, wa ya taɓa ka?"

Ya ba ta labari a gajarce. Ta karkaɗe riga da ƙarfi fiye da yadda rigar take bukata.

"Ka aje musu makullinsu. Yara sun girma, ba za mu rasa abin sawa a baki ba."

"In na aje yanzu, ai na amsa ke nan."

"To sai me za ka yi?"

"Zan sa motar ta rage ci."

"Kai da ban iya sa ka ka rage gishiri ba," ta ce, ta ɗauki kwandon ta shige ɗaki.

Ranar Asabar ya nemi izini ya kai jif garejin Dogo, bakaniken da suka san juna tun wurin fasa dutse. Dogo ya zaga motar sau ɗaya, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Mutumina, wannan ba mota ba ce, sito ce."

Suka fara saukewa. Matattun batura biyu, karyayyen sifirin, jak guda biyu alhali ɗaya ne ke aiki, sarƙar ja, tsohon lagireto da Baba ya ce watakila wata rana a bukace shi. Suka kwance ƙarfen kaya na kan rufi, wanda rabon da a ɗora masa komai an fi shekara shida. Dogo ya ciro matatar iska ya buga ta a ƙasa, baƙin gari ya tashi har sai da suka kau da kai.

"Toshe hancinka ka yi gudu, ka ji yadda take ji," ya ce.

Ya ɗaga bayan motar, ya juya tayar dama da hannu, ta yi ta wulwulawa. Ya juya ta hagu, ta yi rabin zagaye ta tsaya cak. Birkin wajen yana kamawa. Dogo ya ɗago ya dube shi.

"Shekara nawa kana tafe kana jan birki? Ba ka ji ba?"

"Na ji tana nauyi. Na zaci tsufa ne."

"Ai shi ya sa. Duk abin da ya dame mu sai mu ce tsufa ne."

Ya sassauta birkin, ya goge filogi, ya rage silo, wato kaɗawar injin in mota tana tsaye. Tayoyi huɗu kuwa babu wadda iskarta ta cika. Da suka gama rana ta karkata, Dogo yana wanke hannu da fetur ya nuna ƙafar Baba da haɓa.

"Nawa na yi. Saura wannan. Har yanzu tifa take ja."

Sababbin filogi da matatar iska sai da Baba ya rubuta takarda sau biyu kafin ma'ajin asibiti ya fito da su. Cikin jiran ne wani mai talla a gidan mai ya shawo kansa da wani ɗan maganaɗisu da ake ɗaurewa a bututun mai, wai yana jera fetur ya shiga injin a layi. Mako biyu yana ɗaure, tsinken mita bai san an yi ba. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya kwance abin ya kai gida, maiɗakinsa ta samu wurin maƙala alluran ɗinki.

Ƙafar ce ta fi ba shi wahala. Ya koyi taka totur kamar mai taka ƙwai, ya riƙa canza giya da wuri, in ya hango rami tun daga nesa ya ɗaga ƙafa maimakon ya iso da gudu ya danna birki. Kullum da safe, kafin kowa ya zo, zai durƙusa gaban kowace taya da ma'aunin iska, ya dafa mota ya miƙe. A da in sun isa ƙauye barin injin yake yana kaɗawa, don baturin ba abin yarda ba ne. Yanzu sai ya nemi ɗan gangare ya tsaya a kai ya kashe, in an tashi tafiya ya sake ta ta gangara ta kama. Ya roƙi Sista su riƙa fita ƙarfe shida, kafin cunkoson bakin kasuwa.

"Baba, mai keken can sau biyu ke nan yana wuce mu," Sista ta ce wata rana.

"Ƙyale shi, 'yata. Shi ba a cika masa tanki ranar Litinin."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, riƙe ƙafa a sama-sama wuni guda ya fi danna ta ciwo. Gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. In ya sauko daga mota da yamma sai ya ɗan tsaya riƙe da ƙofa, kamar mai duba wani abu a ciki.

A mako na bakwai suka shigo asibiti ranar Alhamis tsinken mita yana kan kwata. Baba bai kashe mota ba, ya je ya kira Oga da kansa. Oga ya leƙa ta taga, ya ƙwanƙwasa gilashin mitar da yatsa, ya gyaɗa kai.

"Ka gani, Baba? Ashe ana iyawa."

Ya koma ofis. Baba Direba ya tsaya a wurin yana juya maganar, ya kasa gane ko yabo ne ko kuwa tsohon zargin ne aka sake masa riga. Haƙurin da ya yi mako bakwai yana jira a ba shi bai zo ba, ranar ko bayanta.

Abin da ya zo takarda ce. An ƙara musu ƙauye biyu a bayan kogi, a tankin nan ɗaya. Sauran direbobi uku kuma an rage musu mai, bisa abin da Baba ya nuna ana iyawa. Akwai bencin da suke zama a inuwar bangon ɗakin magani, inda shekara da shekaru ake shan shayi ana zolayar juna. Daga makon nan, in Baba ya doso sai hira ta mutu. Suka raɗa masa suna Ɗigo-Ɗigo, ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Gajere, direban motar ɗaukar marasa lafiya, shi ne ya faɗa masa a fuska.

"Baba, kai allura kake kaiwa, in ka makara da rabin awa ba wanda zai mutu. Ni mai naƙuda nake ɗaukowa. In tsaya ina lallaɓa totur tana baya tana kiran sunan uwarta?"

Baba ya san gaskiya Gajere ya faɗa. Ya je ya samu Oga ya ce aikin ba ɗaya ba ne, a mayar wa motar marasa lafiya da manta. Oga ya ce za a duba. Sai bayan wata biyar aka mayar da rabi, kuma ba wanda ya gaya wa Gajere wa ya yi maganar. Baba ya koma shan shayinsa a cikin jif, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje.

Ƙauyukan bayan kogi kuwa ba a taɓa kai musu allura har gida ba. Ranar farko mata suka cika filin makaranta tun kafin su iso. Sista ta yi aiki har hannunta ya sage, a hanyar dawowa ta jingina kai da gilashi.

"Yara arba'in da ɗaya, Baba. Akwai 'yar shekara uku da ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba."

"To, madalla," ya ce. Ya ji daɗin maganar, amma idonsa na kan mita, yana lissafin hawan da ke gabansu.

Shekara uku ya ƙara a haka. Mai bai sake ƙare masa a hanya ba, ko da yake sau da yawa da ƙyar jif take kai hancinta ƙofar asibiti. Kumburin gwiwar ya ƙi sauka. Likita ya duba ya ce ya rage tuƙi, suka yi dariya tare. Aka canza Oga zuwa wani wuri, wanda ya gaje shi ya tarar da takarda ta ce tanki ɗaya na ƙauye takwas ne, bai ga abin tambaya ba.

Ranar da shekarun aikinsa suka cika, aka ce ya miƙa makulli ga Gajere, wanda aka ɗauke daga motar marasa lafiya saboda ciwon baya. Suka tsaya a gefen jif, kowa yana kallon wani wuri. Gajere ya shura tayar gaba a hankali.

"Iska nawa kake sa mata?"

Baba ya faɗa masa, na gaba da na baya. Ya gaya masa gangaren da zai tsaya a kowane ƙauye, da hawan da ba a shigarsa da giya ta uku. Ya ciro ma'aunin iska daga aljihu ya ba shi. Gajere ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya huta gajiya, Baba ya ce amin.

Ya taka a hankali zuwa bakin titi ya shiga motar haya, ya samu kujerar taga. Direban ya yi ta zuga injin a tsaye yana jiran fasinja, hayaƙi na shigowa ta ƙasa. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna ba motarsa ba ce, ya miƙe ƙafar dama ƙarƙashin kujerar gaba. Kafin su wuce gidan mai, barci ya ɗauke shi. Sai a tasha ta ƙarshe wata mata mai kwando ta taɓa masa kafaɗa ta ce an iso. Ya wuce unguwarsu da nisa. Ya sauka, ya tsallaka titi, ya tsaya jiran mai komawa.