Waken Kawu a Hanyar Ibadan

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zama rariya, tafiyar da na yi Ibadan da waken kawuna ba za ta zube ba. Mutanen unguwa sun san ni da surutu, har cewa suke idan na fara labari sai tuwo ya yi tsami ban kai rabi ba. Amma wannan labarin ko ni ba na jin daɗinsa a bakina.

Bayan babban farin nan ne, naira ba ta daɗe da fitowa ba. Ina tuƙa wata tsohuwar roka mai bodin katako, wadda idan ta yi tari a Ƙofar Galadima sai jarirai su farka a Tudun Wada. Ban taɓa wuce Kaduna da ita ba. Kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye bayan ganuwa. Ya ji wake na daraja a Kurmi, sai ya haɗa nasa da na maƙwabta, har da na wasu mata biyu da mazajensu suka rasu. Abin da ƙauyen ya noma ke nan bayan shekarun yunwa.

Sati uku na yi ina bin takardu: lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, da uwarsu duka, izinin fita da hatsi daga jiha. Takalmina ya cinye har sai da na fara jin zafin kwalta a tafin ƙafa. Akawun da ya buga mini hatimin ƙarshe, wani dattijo mutumin Wusasa, ya leƙo ta saman tabarau.

"Malam direba, takardar nan kwana bakwai ke gare ta. Kana da tanfol ko? Na yi aiki a Kurmi, ruwansu na riga namu sauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa a wannan bazara? Jiya a kan bonet na soya ƙwai."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini takarda kawai.

Tanfol kuwa ina da shi. Sai dai a ranar aka yi rasuwa a Ƙofar Kuyambana, wani maƙwabcin mahaifina, aka zo aka ara aka kafa rumfar zaman makoki. Ku da kuka san cikin birni, ku gaya mini da wane ido mutum zai je ya yaye inuwa daga kan masu karɓar gaisuwa. Sau biyu ina zuwa da niyyar magana, sai in durƙusa in ce Allah ya jiƙan rai, in tashi. Idan kuwa na jira a yi sadakar bakwai, takarda za ta mutu.

Ranar lodi Kawu ya tambaye ni ina tanfol. Na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, fara tas ba ko ɗigon gajimare. Ya ce, "Bar musu, ɗana. Mu tafi."

Har Jebba lafiya lau, Kawu na gefena yana cin goro, yana yi mini gorin cewa jakinsa ya fi motata sauri. A bakin gada muka tarar da layi, domin ita ce ta mota, ita ce ta jirgin ƙasa. Muna cikin layin da la'asar gabas ta haɗe. Ni dai ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, kamar an kife Kogin Kwara a kanmu. Muka hau kan lodi da tabarmar salla da babbar rigar Kawu, muna rufe buhu biyu, sauran na sha. Na bi motoci ina roƙo, kowa nasa na kan kayansa. Washegari rana ta buɗe, buhuna suka ɗau zafi suna tururi. Bayan Ilori wani ruwan ya sake kama mu.

Da muka isa Ibadan wake ya kumbura ya fasa ɗinki, na sama ya tsiro, na ƙasa ya yi baƙi yana wari. Dillali ya cusa hannu, ya shinshina, ya goge a jikin mota. Ya ce da Kawu, "Baba, sannu." Daga nan Kawu bai ƙara cin goro ba har muka dawo.

A ƙauye ya ce in tsaya cikin mota. Ina kallo ya bi gida gida, yana sallama, yana tuɓe takalmi. A ƙofar ɗaya daga matan nan ya fi daɗewa. Na jiyo shi yana cewa, "Ni na ce a tafi haka. Direba ba shi da laifi." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daminar shekarar ya yi ta yana ƙwadago a gonar wani.

Tun daga nan na san saman garinku ba shi ne saman duniya ba, wanda ya riga ka bin hanya a saurare shi. Kuma kunyar da za ta ci amanar mutane ba kunya ba ce, tsoron buɗe baki ne, wasu ke biyan kuɗinsa.