Baba Solomon da Taɓaryar Matarsa

Kafin lorin farko ta iso daga Kaduna, Baba Solomon ya riga ya share filin bayan tashar Zuba, ya jera kayansa: gwangwanaye cike da siminti, da wani ƙaton ƙarfe na ƙafar tsohuwar lori. Shekara ashirin da biyar ke nan, tun dawowarsa daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, yana koya wa 'yan dako ɗaga nauyi ba tare da sun karya bayansu ba.

Ni na je masa ina da shekara arba'in da uku, malamin makaranta, da tumbi da ciwon ƙugu. Na nuna ƙaton ƙarfen. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya miƙo mini taɓaryar matarsa.

"Ticha, sa a kafaɗa. Tsuguna har ƙasa, tashi. Ƙafa ne yana ɗagawa, baya ɗan rakiya ne."

Wata huɗu ina haka. Matan Gwari, da ke ɗaukar doya a kafaɗa tun suna yara, sukan tsaya kallo. Wata ta tambaya ko ina karɓar daka.

Sai ranar kasuwar da jak ɗin ɗaga mota ya zame. Lori cike da doya ta zauna a kan Hammawa direba yana ƙarƙashi yana gyara. Numfashinsa na fita kamar na rago a hannun mahauci. Jama'a suka yi caa, kowa ya sunkuya zai cicciɓa.

"Kowa ya tsaya!" in ji Baba. Ya jera mutanensa tara. "Baya miƙe! Sai na ce uku. Ticha, zo."

"Ni, Baba?"

"Kai ka san tsuguno har ƙasa. In ta tashi, kama hammatarsa, ja da ƙafa. Sau ɗaya za mu iya."

Ɗaya. Biyu. Uku. Lorin ta ɗaga kamar taƙi guda. Na ga gwiwar Jumare, ƙaƙƙarfan cikinsu, tana rawa daidai kunnena. Na tsuguna har ƙasa, na kama, na tashi da ƙafa ina ja da baya. Ƙafar Hammawa ta fito, ƙarfe ya dira inda ƙirjinsa yake.

Yau Hammawa na tuƙi, da ɗan ɗingishi.

Baba, kai ne ka hana mu gaggawa. Kai ne ka san wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa, a tabarma yake ƙarewa. Yanzu da za ka koma gona, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Masu koyar da kowace sana'a, ku dubi mutumin nan: ku fara da sabon shiga daga inda yake, ko da za a yi masa dariya.

Jiya na je sallama, na sake nuna ƙaton ƙarfen. Ya girgiza kai, ya ce, "Baɗi." Ya bar mini taɓaryar.