Ba Aziza ce ta ruɓar da albasar Galma ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran ɗiyata Aziza a hatsarin babur kan hanyar Keita. Ke ce autata, shi ya sa bakina ke iya kiran sunanki. Ke kika zaunar da ni da kayen rubutu da alƙalami bayan na yi furfura. Ki gafarci rubutuna.

Da ƙungiyar manoman albasa ta ɗauke ki aiki a buronta, wato ofishinta na Madawa, aka ce ki gina shafin intanet da manomi zai shaida wa masu mota ta wayarsa cewa buhunansa sun shirya. Na faɗa maki ina tsoron yawon ƙauyukan da aikin ke sa ki. Kika yi dariya kika ce, "Inna, gini ne, sai na ga ƙasar tukuna." Kika bayyana mani hanyoyi biyu. Ko a yi shi dunƙule ɗaya mara nauyi, waya ta riƙe saƙo in babu rezo, wato sabis ɗin waya, ta aika in ya dawo. Ko a raba shi gida-gida, kowane yana jiran ɗan'uwansa, irin na manyan birane. Kika zaɓi na farko, don kin san a fadamar Galma sai an hau tudu ake samun rezo.

Shugabanki Alƙasim ya ce naki na ƙauyawa ne, baƙi masu kawo taimako ba za su yaba ba. Ya tilasta maki na biyu. Lokacin girbi ya zo, saƙonni suka ƙi tafiya, motoci ba su zo ba, albasa ta ruɓe bakin hanya. Ke aka tura ƙauye-ƙauye kina ba mutane haƙuri. A wannan yawo kika rasu.

Ranar sadakar uku, a ƙofar gidana, kan tabarmata, Alƙasim ya ce wa manoma, "Yarinya ce, ba ta ƙware ba, a yafe mata." Ya ɗauka uwar ba ta karatu.

Alƙasim, na buɗe jakarta. Takardar da ta rubuta maka da Hausa da Faransanci tana gargaɗinka tana hannuna, da amsarka, da sa hannunka. Kwana huɗu na yi ina haɗa baƙaƙenta. Ranar taron ƙungiya zan miƙe gaban waɗanda suka yi asara in karanta ta, komai daɗewar da zan yi. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da kai, ya sa ka ji kunyar da ka so ka rufe ta da ita.

Aziza, Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki. Ina yi wa mahaifinki Malam Tanko da yayyenki ta'aziyya. Allah ya ba su haƙuri, ni kuma ya ba ni murya ranar.

Mahaifiyarki, Biba