Yaren Baba da Kwamfuta ta Cinye

A shekarun da sojoji suka koma bariki, ina aikin buga takardu a wani shago kusa da Ƙofar 'Yandaka. Kwamfutocin shagon duk a haɗe suke da wata waya mai ruwan toka da ta bi gindin bango, don kowace ta iya tura aiki zuwa firinta guda da muke da ita. Alhajin da ke da shagon yana ji da wayar nan, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ita.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo Kirista, mutumin Filato, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya a Katsina. Baba muke ce masa. Yarensu na wani ɗan ƙauye ne a kan dutse, kuma jikokinsa ko gaisuwa ba su iya da shi ba. Ya daɗe yana tattara kalmomi daga bakin mahaifiyarsa kafin ta rasu: sunayen ciyayi, kirarin farauta, waƙar niƙa. Takardun da ya rubuta su a ciki sun sha ruwan damina, gara ta ci gefensu, shi ya sa ya kawo a buga. Yakan zauna kusa da ni ya karanto, ni kuma in buga. In na yi kuskure sai ya maimaita a hankali har kunnena ya kama. Duk shafin da muka gama, matarsa yake kai wa ta hura wuta, wai ai ya riga ya shiga inji. Fitarwa a takarda kuwa ya ce a bari sai an kammala.

Wata rana da hantsi wani ɗalibi ya zo da disket ɗinsa, ɗan faifan ajiye aikin kwamfuta, zai fitar da aikin makaranta. Kafin azahar kwamfutar da ya zauna a kanta ta fara daskarewa. Can sai tawa. Na buɗe fayil ɗin Baba, na ga wasu alamomi birjik kamar kaji sun yi tono.

Washegari aka kira mai gyara daga Kano. Ya ce bairas ne, wani abu da mugun mutum ya rubuta, mai kwafar kansa daga inji zuwa inji. Ta disket ya shigo, ya bi wayar bango ya zagaye shagon, kamar gidajen da ke shan rijiya ɗaya aka jefa mata mushe. Baba yana da nasa disket a aljihu, amma a ranar, bayan zuwan ɗalibin, mun sa shi mun adana aiki, shi ma ya kamu.

Ni aka bari in gaya masa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya. Da na gama bayani ya dubi injin.

“'Yata, har waƙar niƙan?”

“Har ita, Baba.”

Alhaji ya ce a sake buga masa kyauta. Ya yi ta zuwa na ɗan lokaci, yana ƙoƙarin fito da su daga ka. Sai ya fara kalma ya tsaya, ya ce akwai sunan da suke kiran ruwan da ke sauka rana na haskawa, yana jin muryar tsohuwar amma kalmar ta ƙi zuwa. Wani lokaci ya ce in goge abin da ya faɗa, don ba ya so ya bar wa jikoki ƙarya. Daga baya ya daina zuwa. Alhaji ya sayi manhajar rigakafi, ya hana sa disket ɗin waje.

Bayan sallah babba matarsa ta biyo ta shagon. Ta ce za su koma gida, jikin nasa ya ƙi daɗi, ko fita ba ya yi. Ta tambaye ni a hankali ko injin zai iya amayo abin wata rana. Na ce mata mai gyara ya wanke shi tas.

“To, Ubangiji ya sani,” in ji ta.

Ta tsai da ɗan acaɓa ta hau. Damina ba ta zagayo ba muka ji rasuwarsa.